Tiya Biyar da Rabi

A bakin mahaifiyata na fara jin sunan Zuhura, kuma ba da alheri ba. Ina da shekara bakwai ko takwas, a gidanmu na haya a Madawa. An aike ni sayen gishiri, na ce sai na gama abin da nake yi. Inna ta saki muciya ta dube ni ta ce, "Wagga ɗiya, ke dai Zuhura mai baka za ki zama." Na ɗauka wata dodanniya ce ta tatsuniya. Daga ranar, duk gardamar da na yi sai sunan ya fito. Na ƙi zama a yi mini kitso, Zuhura mai baka. Na ce ba zan bar lakwal ba, wato makarantar boko, sai na ga ƙarshenta, Zuhura mai baka. Abin da na lura da shi tun ina ƙarama, in sunan ya fito Baba yana gida, sai ya kai hannun hagu ya shafi kafaɗarsa ta dama, ya sa takalmi ya fita.

Kafaɗar nan ma da nata labarin. Baba, Halidu tela, ba ya iya ɗaga hannun dama ya wuce kansa. Mu yara an ce mana daga kan kamiyon albasa, babbar motar kaya, ya faɗo.

Sai da na kai aji uku a kwaleji, aka kai ni ƙauyen kakannina a babban hutu, sannan na gane Zuhura mutum ce mai rai, tana cin goro, tana da akuya biyu. Yayar kakana Mahaman ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Baba yana ce mata Gwaggo, ni ma na bi bakinsa. Abin da zan rubuta a nan daga bakinta na ji mafi yawansa, sauran kuma daga bakin Baba, bayan na shekara biyu ina matsa masa. Na san akwai waɗanda ba za su ji daɗi ba a danginmu. Su yi haƙuri. An daɗe ana ba da labarin nan a karkace.

Ƙauyen yana tafiyar awa guda a ƙasa daga Tabotaki, a jingine da dutse. Mahaifin su Gwaggo, Nomau, mahalbi ne, daga gidan da suka daɗe suna bin al'adar kakanni kafin su kama salla. Yana da gona a gindin dutsen, wata ƙorama ta raba ta biyu, ɓangare ɗaya a tudu, ɗaya a gangare inda ruwa ke kwanciya. Da mijin Gwaggo ya rasu, ba ta da ɗa a raye, ta dawo gida ta yi jinyar tsohon shekara tara. Kafin ya cika ya ce gonar gindin dutse tata ce. Mutum biyu suka ji, dukansu sun riga shari'ar zuwa lahira.

Gonar tana da ƙasa mai kyau, amma tana da maƙwabta. Jajayen birai ne a kan dutsen, garke guda. Muddin Nomau yana iya fita da bakansa sun san iyakarsu. Da ya kwanta suka sauko. Shekara uku Gwaggo tana noma, suna girbi. Ta buga gwangwani, ta yi ihu har murya ta dushe, ta yi jifa da majajjawa.

"Ba su tsoron mace," in ji ta. "Namiji in ya ɓullo, tun daga nesa sun watse. Ni kuwa taki goma za su zamna. Akwai wani babba, shina ɓarar zangarniya shina kallona, kamar ni na zo roƙo gonar ubanshi."

Bayan girbin shekara ta uku kakana ya kai ta gaban mai gari. Ya ce gonar gado ba ta zama makiyayar birai, ga ɗansa Halidu ya yi aure ba shi da inda zai sa hauya, ita kuwa mace ce ba ta iya tsaron gindin dutse. Ya yi magana mai tsawo, har da ayoyi. Da ya gama, mai gari ya ce, "Zuhura, mi kinka ce?"

Ta ce, "Ranka shi daɗe, wanga da ke magana ni na goye shi. Bayana har yau bai mance da fitsarinshi ba."

Dattawa suka sunkuyar da kai suna tari. Mai gari ya rasa yadda zai yi da su, sai ya yanke cewa a ba abin damina guda. Zuhura ta noma tudu, Halidu ya noma gangare, kowa ya tsare nasa. Wanda ya fi kai dammunan gero rumbu, gonar duka tasa ce. Kowa a wurin ya san gangare ya fi tudu albarka. Ita ma ta sani. Ta ce ta yarda, amma a ba ta bakan ubanta da ke rataye a zaure.

Kakana ya ce mace ba ta taɓa bakan namiji, in ta taɓa ya mutu.

"To bar shi nan," in ji ta. "Gara ma tana son abinci."

Mutum ɗaya ya rage a yankin mai sassaƙa baka, tsoho Isaka, abokin farautar Nomau. Washegari ta same shi a gindin aduwar ƙofar gidansa. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce tun kakanni ba a taɓa yi wa mace baka ba, ba kuwa a kansa za a fara ba. Ta ce to. Da safe ta dawo ta zauna a wurin, ta kawo kaɗinta tana yi. Haka jibi, haka gata. Ran na biyar ya ce, "Ɗiyar Nomau, ba ki da aiki?"

"Kai ma na ga ba ka da shi, Baba Isaka. Mutum nawa sunka zo neman baka bana?"

Ɗaya ne, Halidu. Samari duk sun tafi Abija da Libiya, waɗanda suka rage kuma bindigar toka suke sha'awa. Daga baya tsohon ya ce, ai abin da aka hana shi ne mace ta taɓa bakan namiji. Itacen da bai taɓa zama na kowa ba, babu abin da za ta kashe a jikinsa. Ta zo ran Laraba a auna ta tare da ɗan ƙanenta.

Isaka yana da hanyarsa ta sanin ƙarfin baka, ban ji wani ya yi irinta ba. Yakan rataye bakan a kwance a reshen aduwa, ya ɗaura buhu a tsakiyar tsarkiya, wato igiyar bakan, ya yi ta zuba gero tiya bayan tiya har tsarkiyar ta sauko tsawon kibiya ɗaya. Yawan tiyar da ta shiga buhu, shi ne ƙarfin bakan. Na Nomau sha biyu ne. Na yara masu halbin kurciya uku ko huɗu. Yana da tsofaffin bakuna da ya riga ya auna, waɗanda ya sassaƙa don gwaji kawai, ba su taɓa zuwa daji ba. Mai son baka zai ja su ɗaya bayan ɗaya har haɓarsa, ya riƙe, Isaka ya ƙirga ashirin. Wanda ya riƙe hannu bai yi rawa ba, irinsa za a yi masa. Kuma da kaka ake awon, don da kaka ake saran dargaza, itacen da ake baka da shi, ta samu rani guda ta bushe.

Ran Laraba aka cika gindin aduwa, har da mata daga bakin rijiya da tulunansu. Lokacin kowa ya ƙoshi, sabon gero a kowane gida. Baba yana da shekara ashirin da uku, ƙato, shi ke kokawar ƙauyen. Ya ja takwas kamar wasa, ya ja tara, ya ja goma ya riƙe yana murmushi har Isaka ya kai ashirin. Aka yi ta yi masa kirari.

Gwaggo ta ɗaure zane a ƙugu. Ta ja biyar, ta ja shida, ta ja bakwai. Mace ce da ta shekara arba'in tana daka da jan guga, damatsanta kamar na maƙeri. Ta ɗauki takwas ta ja har haɓa, Isaka ya ƙirga ashirin, ya ƙara biyar don ya tabbata.

"Takwas," in ji shi. "Wallahi jinin Nomau bai ɓace ba."

Mata suka fara guɗa. Ita kuwa ta ajiye bakan ta ce, "Kada ka sari komi tukuna. Ina dawowa."

Ta koma gida ta ɗauki azumi kwana uku. In rana ta faɗi, dafaffen ganyen tafasa take ci da ruwa, ba hatsi ko ƙwaya. Da rana kuma tana cikin matan da ke ɗaukar duwatsu a ka, ana jera su a gangaren dutse don tare ruwa. Ran na uku da la'asar, ba ta ko wanke ƙafa ba, ta zo gindin aduwa ta ce a sake awo. Takwas ba ta kai haɓa ba. Bakwai ta kai, amma Isaka yana cewa biyar hannu ya fara kaɗawa. Shida ta riƙe har sha biyar. Biyar ta riƙe har ya gaji da ƙirga.

"Tsakanin biyar da shida za ka yi min," in ji ta.

Isaka ya ɓata rai. Ya ce shi ba zai zubar da sunansa ba, mace ta ja takwas a gaban jama'a ya koma ya yi mata abin halbin kurciya. Mi mutane za su ce?

Amsar da ta ba shi na sa ta maimaita mini sau biyu don in rubuta daidai.

"Baba Isaka, taɓaryata guda ce, amma nauyinta biyu. Da kaka ba ni jin ta. Tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, sai in ɗaga ta kamar an ɗaura mata dutsi. Ku mahalba da rani kuke farauta, ciki cike, shi ya sa awon kaka bai taɓa cutarku ba. Ni birai ba su zuwa sai gero ya fara ido. Wa ke da ƙarfi lokacin? Ka auna Zuhurar kaka. Ba ita za ta zamna gona ba. Wagga da ke gabanka yau, ita za ta zamna."

Shekara sittin tsohon yana awo, ba wanda ya taɓa zo masa da yunwa. Ya sassaƙa mata bakan, ya yi ta kankare shi kaɗan-kaɗan yana ratayewa yana zuba gero, har ya tsaya a tiya biyar da rabi.

Dariyar da aka yi mata a ranin nan ba ta da iyaka. Waɗanda suka yi mata guɗa su suka fara. In ta wuce majalisa sai wani ya ce, "Gwaggo, ƙadangaru sun dame mu a masallaci, ko za ki taimaka?" Ta ce, "In na gama da birai ina zuwa kanku, ai dangi ne." Kullum da hantsi tana bayan gari, ta kafa tsohuwar ƙwarya taki goma sha biyar tana halbi. Baba kuwa taki hamsin yake kafa tasa, yana kuma samu, yara suna tafi.

Sau ɗaya ta tare shi a hanya. Wannan daga bakinsa na ji. Ta ce, "Halidu, tahi wurin Isaka shi rage maka. Bakwai ta ishe ka." Abokin shari'arta ne fa, faɗuwarsa ita ce cin nasararta, amma ta faɗa masa. Ya ce, "Gwaggo, in bar goma in koma bakwai, da wane ido zan dubi samari?" Ta ce, "Da wanda kake dubana da shi." Ta wuce.

Girbin da ya wuce bai yi auki ba kamar yadda aka zata. Kafin a gama noman farko rumbuna sun yi ƙasa, kafin na biyu sun ƙare. Aka koma cin 'ya'yan anza na daji da tafasa. Inna amarya ce lokacin, da cikina wata shida, abin da aka samu na hatsi ita Baba ke tura wa. Ya yi noma biyu a gangare shi kaɗai da ganye a ciki. Da gero ya yi bununi ya fara ido, birai suka sauko.

Ran farko Gwaggo ta zauna a tsakiyar geronta, bakan a kan cinya, ta rufe shi da gefen zane, ta ɗora faifai tana tsinkar ganye. Suka zo kamar yadda suka saba. Babban nan ya zauna taki goma, ya karyo zangarniya. Ta zame faifan a hankali ta ja. Ya ba ta gefe, ta riƙe. Ya sosa ciki, ta riƙe. Ta ce ta fi ƙirga arba'in a haka, hannunta ko motsi. Da ya juyo ƙirji ta saki.

"Ban ji daɗi ba," ta ce da ni. "Hannunshi irin na mutum. Amma shekara ukku shina cin gumina."

Daga ranar ba ta cika sa kibiya mai tsini ba. Kunda take sawa, mai dunƙulallen kai, ta bugi haƙarƙari, biri ya yi ƙara ya gudu. Sau talatin a yini tana iya ja, kafaɗa ba ta ce komai ba. In an yi ruwa tsarkiyar fata takan saki, sai ta kwance ta ta naɗe a ƙugu, zafin jiki ya busar da ita. Cikin mako guda birai suka gane matar nan ta canza hali. Suka tsallaka ƙorama suka koma gangare.

A can abin ya sha bamban. Sun ga namiji da baka, ba sa matsowa. Daga nesa suke shiga gero ta gefe uku, ɗaya yana kan dutse yana yi musu tsaro. Dole Baba ya yi ta gudu yana ja da ƙarfi yana halbi mai nisa. Makon farko yana ja sau goma a yini. Na biyu, sau huɗu, kuma ba ya kai haɓa. Ya ce bakan da ya riƙe yana murmushi ya zama kamar ana ce masa ya tanƙwara ƙarfen amalanke. Amma bai faɗa wa kowa ba.

Wata safiya a mako na uku ya ja wa mai tsaron. Birin ya noƙe bayan dutse. Baba ya riƙe yana jira, hannu yana rawa, tsarkiya tana janye shi. Birin ya leƙo, Baba ya fizga da abin da ya rage masa na ƙarfi. Wani abu ya ce ƙas a kafaɗarsa. Kamiyon albasar da aka ce mana, shi ke nan.

Gwaggo ce ta ji nishinsa daga tsallaken ƙorama. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa hannu a ƙirji, ta tallafe shi har gidan maɗori. A hanya ba ta ce masa na gaya maka ba. Baba ya ce da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Saura kusan wata guda a yi girbi. Kakana, ko da yake ƙanenta ne, tsufa ya riga ya kama shi, ba mai tsaron gangare. Gwaggo ba ta da abin yi sai ta zauna a tudunta ta bar birai su gama mata shari'a. Amma washegari aka gan ta a bakin ƙorama, daidai tsakiya, inda take ganin ɓangare biyun. Daga fitowar rana har faɗuwarta tana tsallakawa tana dawowa.

Isaka da kansa ya dogara sanda ya je ya same ta. Ya ce, "Ɗiyar Nomau, kin san abin da kike yi? Gangare ta fi tudu. In kinka tsare mishi, da hannunki za ki ba da gonar."

"Na sani."

"To?"

"Biri bai je gaban mai gari ba, bai san an raba ba. In ya ƙoshi can, gobe nan za shi kwana. Kuma geron da anka shibka gonar Nomau, biri ba ya cin shi ina numfashi. Ko na wane ne."

Aka yi girbi, aka ɗaure, aka ƙirga a gaban dattawa. Tudu dami talatin da takwas. Gangare arba'in da ɗaya.

Kakana ya ce magana ta ƙare, a tuna abin da mai gari ya yanke. Mai gari ya amsa cewa gaskiya haka ya yanke. Gwaggo tana zaune da ɗan bakanta a gefe. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta ce a duba wahalarta ba. Ta ce, "Na ji. Amma ku gaya min wa za shi zamna gindin dutsi baɗi, in ba shi aron faifai."

A nan Baba ya miƙe, hannu a rataye a wuya. A garinmu ɗa ba ya magana a kan maganar ubansa, balle a gaban mai gari. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni shibka na yi, na yi noma. Amma ko zangarniya guda ban tsare ba. Da ba don Gwaggo ba, kara za ku ƙirga. Ba ni son gonar. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ta ƙare, kowa ya gani."

Kakana ya tashi ya kaɗe riga ya tafi. Tunda wanda ake nema wa gonar ya ce ba ya so, shari'a ta mutu, gona ta zauna hannun Gwaggo. Na tambaye ta ko ta yi wa Baba godiya. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Godiyar mi? Gonata ce. Gaskiya ya faɗi, ba kyauta ya ba ni ba."

Dami arba'in da ɗayan nan kuwa ko ɗaya ba ta taɓa ba. Ta sa aka kai su ƙofar ɗakin Inna, ta ce ba ta cin abin da ba ta shuka ba. Da geron aka yi kunun sunana.

Kakana bai ƙara yi wa Baba magana ba sai bayan shekara shida, Gwaggo kuwa har ya rasu gaisuwar salla kaɗai ke haɗa su. Ina da kwana arba'in iyayena suka bar ƙauyen suka koma Madawa, Baba ya koyi ɗinki, sana'ar da ba ta son ɗaga hannu. Ba na ganin laifin Inna. Ta yi aure da mai gona, ta wayi gari a ɗakin haya da jaririya da miji mai hannu ɗaya da rabi. Dole ta sami wanda za ta ɗora wa. Amma sunan da take zagina da shi, yanzu in an kira ni da shi amsawa nake.

Shekara goma sha tara Gwaggo ta ƙara tana zaman gindin dutse da bakan nan. A hutuna na farko ta miƙo mini shi ta ce in ja. Na ja har haɓa, ina jin kaina, ta fara ƙirga. A sha ɗaya hannuna ya fara rawa.

"Hannun bik," in ji ta, wato hannun riƙe biro. "Ke ukku za a yi miki, ki tai ki tsare lakwal daga ƙadangaru."

A hutun ƙarshe da na yi da ita, muka je kasuwar Tabotaki sayar da ɗan akuya. Muna zaune wurin mai shayi, wani ɗan kabu-kabu ya ji sunan ƙauyenmu, ya ce ai garin Zuhura mai baka ke nan. Bai san ta ba. Ya gyara zama ya ba mu labari: wai bakan ubanta ta ɗauka, mai tiya sha biyu, wanda ƙarti uku suka kasa ja, wai biri ɗari ta kashe a damina ɗaya, wai tana da laya a damtse. Mutane suna ta gyaɗa kai. Na ɗauka za ta ji daɗi. Na waiwaya na ga ta daina tauna goro.

"Yaro, ka gan ta da idonka?"

"Hajiya, kowa ya sani."

"To kowa maƙaryaci ne. Huɗu ta kashe duk rayuwarta, kuma ba ta alfahari da ko guda. Tashi mu tai, Fiddausiya."

Muka iso gida. Ba ta ko sha ruwa ba ta ɗauko bakan, ta rataye shi a reshen aduwar gidanta, ta ɗaura buhu, ta ce in kawo tiya. Ni na zuba, ita ta ƙirga. A biyar tsarkiya ta sauko tsawon kibiya. Ta ce itacen ya tsufa kamar mai shi, rabin ya tafi, amma ran da Isaka ya miƙa mata shi biyar da rabi ne cif.

Bara da kaka ta rasu, bayan an shigar da gero. Bakan yana wurina a Madawa, a rataye saman akwatin littattafaina. Inna takan kalle shi ta yi tsaki, amma na taɓa shigowa na tarar tana kaɗe masa yanar gizo.

A ranar da ni da ita muka auna bakan ne, muna mayar da geron cikin rumbu, Gwaggo ta riƙe mini hannu ta ce:

"'Yar Halidu, na ga kina rubuce-rubuce cikin kayenki na lakwal. Da sunka yi min dariya ban damu ba, don gaskiya sunka yi wa dariya. Wagga ƙaryar ta fi ciwo. Wata tana nan da gona gindin dutsi, in ta ji sha biyu sai ta ce ba irinmu ba ce, ta zamna gida. In za ki rubuta ni, ki rubuta biyar da rabi. Ki sa cewa da yunwa anka auna. Kada ki ƙara min ko rabin tiya, ko bayan raina."